Mai Goyon Malamar Kimiyya

Kullum da safe Auta tana zuwa makaranta, wannan kam babu mai ƙaryata shi. Duk layinsu suna ganinta tana fita cikin kayan makaranta a goge, jaka a hannu, yaro a baya. Abin da ba su sani ba shi ne yarinyar ba ta shiga aji. Da ta wuce ƙofar makaranta sai ta bi ta bayan ofishin malamai, inda aka jingina wani tsohon benci da bango saboda ƙafarsa ɗaya ta karye. Nan take zama da Lukuti har a buga ƙararrawar tashi.

Lukuti ɗan yayanta ne, kuma sunan ya bi shi, don yaro ne mai nauyin gaske. Uwarsa, wadda Auta ke kira Anti a gida, ita ce malamar kimiyya a makarantar. Ranar da ta koma aiki bayan haihuwa ta ce, "Auta, riƙe min shi na darasi ɗaya kawai, yanzu zan fito." Darasi ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama har hutun tara, hutun tara ya zama har tashi. Ga shi yanzu shekarar karatu ta kusa ƙarewa, yaro har ya fara tsayuwa, Anti ba ta fito daga wancan darasi ɗayan ba.

Kada ka ɗauka abin a ɓoye yake. Malamai suna ganinta ta taga duk lokacin da suke shan shayi. Wasu ma har aikenta suke yi. "Ke mai goyo, tunda a zaune kike, ɗauraye min kofin nan a famfo." Malamin lissafi kuwa, ranar da ta samu Lukuti ya yi barci ta lallaɓa ta shiga ajinsa, tsayawa ya yi da alli a hannu ya ce, "Ke kuma daga ina? Baƙuwa muka yi?" Aji ya ɗauki dariya. Kafin ta ba shi amsa yaro ya farka ya tsala ihu, malamin ya nuna mata ƙofa da allin.

Daga baya ta gano cewa idan ta zagaya ta bayan ɗakin gwaji, akwai taga mai fasasshen gilashi, kuma ana jin duk abin da ake faɗa a ciki. Sai ta riƙa tsayawa a ƙarƙashinta tana jijjiga yaro. A nan ta ji Anti tana koyar da tarihin matan da suka je sararin samaniya.

Abin takaicin shi ne Anti ta iya koyarwa. Wallahi ta iya. Da muguwar malama ce mai karanto littafi tana hamma, da abin bai yi wa Auta ciwo haka ba. Amma idan matar nan ta fara, ko kujera ba a ja. Ta ba su labarin mace ta farko da aka harba a kumbo, wadda a masaƙa take aiki, tana kuma koyon dirowa daga jirgi da lema a ranakun hutunta, ta je ta yi kusan kwana uku tana zagaya duniya ita kaɗai. Ta ba su labarin wasu mata matuƙa jirgin sama da aka yi wa gwaji mai tsanani irin na maza, suka ci, amma aka ce su koma gida, ba a tura ko ɗaya a lokacin ba. Da ta zo nan sai Anti ta ajiye alli.

"Ku dube ni da kyau, 'yan mata," in ji ta. "Duk wanda ya tsaya tsakaninku da aji, maƙiyinku ne, ko da kuwa a gidanku yake."

Daidai lokacin Lukuti ya saki fitsari mai ɗumi, ya bi ta zanin goyo ya jiƙa rigar makarantar Auta har ƙugu. Ba ta motsa ba sai da darasi ya ƙare.

Da yamma ta samu Yaya a tsakar gida yana wanke babur ɗinsa. Ta durƙusa gefe ta ce, "Yaya, don Allah ka yi wa Anti magana. An kusa jarrabawar zaɓen aji, ni kuma ban san komai ba."

"Wace jarrabawa kuma?"

"Ta shiga ajin kimiyya. Wanda bai ci ba sai ya maimaita."

Ya matse soso ya ce, "To ke da kike gida ɗaya da malamar kimiyyar gaba ɗaya, mene ne naki na damuwa? Wasu kuɗi suke biya a koya musu. Ki yi haƙuri, ɗan lokaci ne. Kin san ba kowa za a ba yaro ba, zamanin nan 'yan raino sai su shayar da shi maganin barci. Ke kuwa jininsa ce."

Anti ta leƙo daga ɗaki da guntun murmushi. "Ƙarata kike kaiwa, Auta? Ba na ce zan zauna da ke ranar hutu in bi miki komai daga farko ba?"

"Kin faɗa, Anti."

"To fa. Ɗauko min wankinsa, kin bar shi a jiƙe tun safe."

Ranar hutu ta zo, Anti na da takardun gwaji da za ta duba. Wata ranar hutun ta zo, kanta ke ciwo. Idan Inna, mahaifiyar su Auta, ta bugo waya daga garinsu ta ce a ba ta autarta, Anti kan miƙa wayar ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara ɗankwali. "Karatu lafiya lau, Inna," haka Auta ke cewa. Inna ta yi ta sa wa Anti albarka da ƙarfi har kowa ya ji.

Kwanaki suka ci gaba da lalacewa. Bayanta ya fara ciwo irin na tsofaffi, idan ta sunkuya wanki sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Rigar makaranta ta yi dabbare-dabbaren tumbuɗi a kafaɗa wanda sabulu ya gaza fitarwa. 'Yan ajinsu suka daina kiranta da sunanta. 'Yar Mai Ɗinki, wadda suke benci ɗaya a da, ita kaɗai ke leƙo ta lokacin tara, ita ma wata rana ta ce, cikin jin kunya, "An sa wata a wurinki fa. Na hana, aka ce benci ba na gado ba ne."

Ranar gwajin tsakiyar zango Anti ta yi abin kirki, ta karɓi yaro ta ce ta je ta rubuta. Auta ta zauna ta karanta tambaya ta farko, ba ta gane ba. Ta biyu ma haka. Tana cikin ta uku, wadda ta taɓa jin amsarta ta taga, sai ga wata ɗaliba a ƙofa. "Wai Malama ta ce ki zo, ya ƙi yin shiru." Ta ajiye biro ta fita. Da sakamako ya fito, Anti da kanta ta kawo takardar gida ta nuna wa Yaya tana girgiza kai. "Ka gani ko? Yarinyar nan sai a hankali. Ba kowa Allah ya ba kan boko ba."

Ana haka sai makaranta ta sa ranar wani taro na musamman a kan matan da suka je sararin samaniya. Shawarar Anti ce. Za a gayyato iyaye da manya daga ofishin ilimi, 'yan mata za su yi shigar 'yan sama jannati, kowace ta faɗi tarihin wadda take wakilta. Hulunan kwano na wasan kuwa, wa zai yi su in ban da mai zaman banza a bayan ofis? Aka jibge mata kwalaye da almakashi da takarda mai ƙyalli. Tana yanka, tana liƙawa, tana ƙwace almakashi daga hannun Lukuti. 'Yan mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya tana gwada musu a kai. Ba wanda ya ce ta yi wa kanta.

Tana cikin wannan aikin ne ta ji maganar da ta ƙarasa ta. Tagar ofishin Shugabar makaranta a buɗe take, Anti na ciki.

"Ƙanwar maigidana nake so a cire daga masu jarrabawar zaɓe," in ji Anti. "Ba ta shirya ba. Gara ta maimaita, kada a kunyata ta a banza."

Shugaba ta ce, "Malama, yarinyar nan fa ban cika ganinta a aji ba."

"Ba ta da lafiya sosai, ranki ya daɗe. Ciwon baya. Shi ya sa nake barinta ta huta a inuwa." Sai ta rage murya, har da 'yar dariya. "Kuma kin ga halin da nake ciki, wani na tafe. Idan ta shiga ajin kimiyya ai ba za ta samu sukuni ba, ga gwaje-gwaje har yamma. Baɗi in Allah ya kai mu sai a duba."

"To, ku kuka san gidanku," in ji Shugaba. Aka wuce zancen kujerun taro.

Auta ta dubi almakashin da ke hannunta ta ajiye shi a hankali. Ashe ba ɗan lokaci ba ne. Ashe an riga an yi mata lissafin baɗi, da goyo na biyu, da na uku in ya zo. Ta rasa inda za ta sauke takaicinta. Lukuti na zaune a gabanta yana tsotsar kwali, sai kawai ta kai hannu ta mintsini cinyarsa da ƙarfi.

Yaro ya buɗe baki ya ƙwalla ƙara. Anti ta fito da gudu ta sure shi. Ya ƙi ta. Ya banƙare, ya ture mata fuska, yana miƙo hannu biyu wajen wadda ta mintsine shi. Sai da Auta ta karɓe shi sannan ya kwantar da kai a kafaɗarta yana ajiyar zuciya.

"Kai, wannan yaro da ƙiwa," in ji Anti, ta koma ofis.

Auta ta yi kuka ranar, ta shafa wurin da ta mintsina tana ba shi haƙuri, ta rantse ba za ta sake ba, kuma ba ta sake ba. Amma ta ga abin da ta gani. Yaron nan bai san uwarsa ba. Kuma tun daga ranar ta ƙudura a ranta cewa ba zai santa ba sai ranar da ita ta ga dama.

Sai ta zama yarinyar kirki ta ban mamaki. Lokacin tara da Anti kan karɓe shi na ɗan lokaci, Auta ta ce, "Bar shi, Anti, ki huta, kin sha tsayuwa." A gida ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi madara, ita ke lallashi, a shimfiɗarta yake barci. Idan ya rarrafa wajen uwarsa sai ta kira shi da wata 'yar waƙa da ta ƙirƙira, ya juyo da sauri. Anti ta ji daɗi har ta saya mata sabon takalmi. "Ka ga Auta ta yi hankali," ta ce wa Yaya. Auta ta sa hannu biyu ta karɓa ta yi godiya, zuciyarta kuwa Allah kaɗai ya san abin da ke tafasa a ciki. Ta tsani matar nan, tsana mai sanyi, irin wadda ba ta hana mutum gaishe ka da safe.

Ranar taro makaranta ta cika. An kafa rumfa a fili, manyan baƙi a gaba, iyaye a baya, ɗalibai aji-aji a gefe. Yaya ya bar aiki ya zo, ya samu wuri a layin gaba ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Anti ta sha ado. Kafin a fara ta zagayo bayan ofis ta ce, "Ki zauna nan, kada in ga ƙeyarki a fili. Idan ya yi kuka ki yi can bayan famfo da shi."

"To, Anti."

Daga inda take tana jin lasifika. 'Yan mata suka fito cikin hulunan da ta yi, kowace ta faɗi nata, aka yi ta tafi. Sannan aka kira malamar kimiyya. Auta ta miƙe, ta ƙara ɗaure goyo, ta taka a hankali har bayan rumfa ta tsaya.

Anti tana kan ganiyarta. "Har uwa mai ƙaramar yarinya ta je sararin samaniya," take cewa. "Ta bar 'yarta a gida, ta shiga kumbo, ta yi aikinta ta dawo. To wace hujja ta rage? Haihuwa ba ta hana mace. Raino ba ya hana mace. Ni da nake gabanku uwa ce, kuma ko rana ɗaya ban taɓa fashin aji ba!"

Ana cikin tafi Auta ta ratso tsakiyar rumfa. Kayan makaranta a jikinta, tabo a kafaɗa, ƙaton yaro a baya. Ba ta yi sauri ba. Ta hau dandamali, ta kwance zani, ta zagayo da Lukuti ta ɗora shi a ƙirjin Anti, dole matar ta saki takardarta ta tare shi. Abin magana kuwa na nan a kunne tsakaninsu.

"Malama, ga ɗanki," in ji Auta. "Ni zan je aji. Tun farkon shekara ban shiga ba."

Anti ta yi wani yaƙe ta ce, "Ƙanwar maigidana ce, tana ɗan taimaka min yau saboda taro..."

Lukuti bai bar ta ta ƙarasa ba. Ya ga Auta ta juya baya, ya tsala wani ihu da ya fito ta kowace lasifika. Ya banƙare, ya fizge ɗankwalin uwarsa, ya yakushi wuyanta, yana zillo kamar baƙuwa ce ta ɗauke shi a kasuwa. Anti ta jijjiga, ta bubbuga, ta kira sunansa. Ina! Matan da ke cikin rumfar duk sun yi raino, ba sa bukatar a yi musu bayani. Aka fara ƙus-ƙus daga baya. Wata uwa ta ce da ƙarfi, "Yaro dai ya san mai shi."

"Auta!" in ji Yaya, ya sauke waya. "Ke! Zo ki karɓe shi!"

Ba ta juyo ba. Kukan yana shiga ta har ƙashi, ƙafafunta na so su koma da kansu, bayanta da ya saba da ɗumi ya yi wani irin sanyi. Ta cije leɓe ta ci gaba da tafiya har layin ajinsu. Babu wuri, sai 'Yar Mai Ɗinki ta matsa ta ba ta gefen benci.

Wata dattijuwa cikin baƙin ofishin ilimi ta cire tabarau ta juya wajen Shugaba. "Ɗalibarku ce wannan?"

"E, ranki ya daɗe, amma ba ta da lafiya ne..."

"Ni yarinyar zan tambaya," in ji dattijuwar.

Auta ta faɗi komai a tsaye, ba kuka, ba ƙari. Da aka tambayi malamai ko sun sani, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Kada ka zaci daga nan komai ya gyaru. Ranar a gida Yaya ya ce ta tozarta shi a bainar jama'a, ta ci amanar gidan da ya ciyar da ita. Anti ta kulle kanta a ɗaki tana kuka, wai duk alherin da ta yi an saka mata da sharri, har da takalmi. Ko ɗaya cikinsu bai ce an zalunci yarinyar ba, kuma har yau ba su faɗa ba. Inna ta zo da kanta, ta ji komai, ta haɗa kayan autarta ta kai ta gidan wata gwaggonsu a ƙarshen gari, ba ta ko sha ruwan gidan ɗanta ba.

An sa sunan Auta cikin masu jarrabawa, ta shiga, ta faɗi. Ina za ta ci? Shekara guda ba a ɗinke ta da jin darasi ta fasasshen gilashi. Aji ta maimaita, abin da Anti ta nema tun farko. Lukuti kuma ya yi kwanaki yana kuka har ya rame, daga baya ya saba da 'yar rainon da dole aka ɗauka. Ranar da Auta ta gan shi a hanya ta miƙa masa hannu, ɓoye fuska ya yi. Wannan ya fi faɗuwa jarrabawar yi mata ciwo, kuma shi ma a kan Anti ta ɗora shi.

Sai dai akwai abin da Anti ba ta hango ba lokacin da take roƙon a maimaita wa yarinya aji. Ajin da aka maimaita ɗin, ita ce malamarsa. Gargaɗi kawai aka yi mata, ba a kore ta ba, don haka bayan ta haihu ta dawo ta tarar da Auta a bencin gaba, daidai saitin allo, hannu a kan tebur. Ba ta rashin kunya, ba ta surutu, ba ta fashi ko ana ruwa. Kallo kawai. Duk inda Anti ta juya idon nan na kanta. Matar da a da ko kujera ba a ja idan tana magana, sai ga ta tana karanto littafi kai a sunkuye, tana duban agogo.

Da zango ya yi nisa aka iso wurin da kowa ya san za a iso. Anti ta buɗe littafi, ta ga kan babin, ta yi saurin juya shafuka ta ce, "Yau za mu yi magana a kan wutar lantarki."

Hannu ɗaya ya tashi a bencin gaba. Anti ta yi kamar ba ta gani ba. Hannun bai sauka ba, har sauran ɗalibai suka fara juyowa.

"Mene ne?" ta ce, ba ta ɗago ba.

Auta ta miƙe tsaye da ladabi. "Malama, kin tsallake babin matan da suka je sama. Don Allah ki koya mana shi daga farko, har da jawabin nan da kike yi wa 'yan mata. Bara daga waje na ji, bana ina so in ji ina kallonki."